Wutar da Masu Kashe Gobara Suka Yi wa Gadi

Jiya da la'asar sakaliya, ina saukowa daga tashar jirgin ƙasa a Fordham Road, na tarar da mutane sun tsaya cirko-cirko a bakin titi, kowa ya ɗaga waya sama. Ni ma na ɗaga kai. Rana ce ta yi jawur kamar garwashi, har mutum yana iya zuba mata ido ba ta kashe masa gani ba. Wani mutumin Nijar mai sayar da turare a kan tebur ya ce hayaƙin gobarar daji ne iska ta kwaso tun daga yammacin ƙasar nan, ta kawo mana har Bronx, unguwarmu a New York. Kowa sai yaba kyanta yake yi. Ni kuwa harshena ne ya tuno ɗanɗanon toka. Na san wannan rana. Na taɓa yin azumi a ƙarƙashinta.

Shekara biyar ke nan ko shida. Ina ƙarshen shekarata ta farko a kwaleji, azumi kuma ya faɗo tsakiyar zafi. Wani kamfani da ke dafa wa masu kashe gobarar daji abinci ya zo makarantarmu neman ma'aikatan hutu. Ni yarinya ce da ta tashi tsakanin Kano da hawa na biyar a Bronx, duk sararin sama da na sani a nan shi ne ɗan yankin da ke tsakanin bene da bene. Ina so in ga sama wadda gini bai yanke ta ba. Abba ya ce atafau ɗiyarsa ba za ta tafi cikin duwatsun Idaho ita kaɗai ba. Umma ce ta samo mafita, ta ce idan Mma Memuna za ta bi ni fa?

Mma Memuna maƙwabciyarmu ce a hawan da ke ƙasa da namu, mutumiyar zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Tsohuwar da take jinya ta rasu a watan, don haka tana zaune ba aiki. Daga Bronx har Harlem babu suna ko biki da za a yi ba a ci girkinta ba. A rufin kicin ɗinta akwai ƙararrawar hayaƙi, ta ɗaure mata baki da leda da roba, wai surutunta ya yi yawa, mutum ba ya soya albasa cikin kwanciyar hankali. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum "'yar Kano". Zan rubuta maganarta da Hausar gidanmu, don ta zango a bakinta kawai take daɗi.

Abba ya yarda da sharaɗi ɗaya: duk inda Mma ta sa ƙafa nan zan sa tawa, ranar da ta dawo ranar zan dawo.

A filin jirgin sama na JFK ma'aikatan bincike suka buɗe jakarta. Suka ciro ƙullin kanwa, da damin karan dafi, da jarka guda ta shito, wato yajin nan nasu na Gana da ake soyawa da mai da busasshen kifi. Mutumin ya jujjuya kanwar yana tambayar ko dutse ne. Ta ce masa dutse ne, amma na ci. Da ƙyar na samu aka mayar da jakar cikin kayan da ake sakawa a ɗakin kaya na jirgi. Na ce mata, Mma, can fa akwai masu dafa abinci, mu wanke-wanke za mu yi. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa garin da ta yi nadamar ɗaukar kanwa ba.

Sansanin yana cikin wani kwari mai faɗi a bakin kogi, duwatsu sun kewaye shi, hanya ɗaya ce tak ta mota take shiga. Tantuna jere a kan busasshiyar ciyawa, da tirelar kicin, da tantin magani, da motocin ruwa. Mutanen da ke kwana a wurin sun haura ɗari biyu. Saman da na zo gani kuwa ban gan ta ba. Hayaƙi ya rufe ta ruf, launin ƙasa-ƙasa, wani lokaci ruwan goro. Toka tana sauka a hankali kamar dusar ƙanƙarar New York, sai dai wannan da ɗuminta take zuwa, ta kwanta a kan tebur, a kan gira, a cikin kofin shayi.

Aikinmu ya yi daidai da azumi ta gefe ɗaya: lokacin sahur shi ne lokacin da ake buɗe kicin. Mu ci namu a tsaye, mu yi asuba a bayan tirela, sannan mu shiga fasa ƙwai da jera burodi. Masu kashe gobara su fito cikin rigunansu masu ruwan ɗorawa, su ci, su ɗauki ƙunshin abincin rana, su hau dutse da sheburansu da digoginsu. Daga nan sai wanke-wanke, sai ɗaure ƙunshin gobe, sai jan jarkokin ruwa. Da azahar zafi yakan danne kwarin har ƙarfen tirela ba ya taɓuwa. Leɓena ya tsattsage. Nakan zauna a inuwar motar ruwa ina jin ruwan yana motsi a cikin tanki, in rufe ido in ga randar kakata. Da yamma su dawo, fuska baƙi ƙirin, ido da haƙora kawai ke haske, su bi layi shiru da farantai a hannu.

Shugaban kicin, Hal, mutumin kirki ne mai ƙaton ciki. Da ya gane ba ma taɓa naman alade sai ya mayar da mu ɓangaren kayan lambu ba tare da dogon zance ba. Amma girkinsa duk na gwangwani ne da awo. Mma tana fere dankali tana kallon tukwanensa ta wutsiyar ido, tana cewa Allah ya ba bawan nan tukunya, bai ba shi hanci ba.

Sai Dona. Ita ce mai kula da lafiya da tsaron kowa a sansanin, doguwar mace mai furfura, oba-oba a kafaɗa kullum tana magana. Ita ta fara lura ba ma shan ruwa da rana. Ta kira ni gefe ta yi ta faɗa, ta ce a zafin nan mutum yana iya faɗuwa. Na yi mata bayani iyakar iyawata, na ce idan muka ji za mu cutu addini ya ba mu damar sha. Ta dube ni ta dubi Mma, ta tafi. Washegari ta kawo mana jiƙaƙƙun tawul na ɗorawa a wuya, ta sa aka mayar da wanke-wankenmu inuwa. Kuma da yake rana takan ɓace cikin hayaƙi tun kafin ta faɗi, waya kuma ba ta kamawa, Dona ce ta zama ladaninmu. Masu hasashen yanayi suna faɗa mata lokacin faɗuwar rana, ita kuma in lokacin ya yi sai ta leƙo kicin ta ɗaga mana babban yatsa.

Doka ta farko a sansanin, wadda aka karanta mana ranar da muka iso, ita ce ba a kunna wuta a fili ko ta ashana ɗaya. Mma tana zaune a kusa da ni lokacin, tana gyangyaɗin gajiyar tafiya. Daga baya ta ce ta ji, amma ta ɗauka da masu shan taba ake.

Ana cikin goman tsakiya na azumi, wata safiya Hal ya bi babbar mota zuwa gari don ɗauko gas da kayan abinci, tare da yawancin masu girki. Kafin su juyo wuta ta tsallake hanyar can ƙasa, manyan itatuwa suka faɗo a kai suna ci. Hanya ta rufe. Jirage masu saukar ungulu ba su iya tashi, don hayaƙi ya kwanta a kwarin, ko ganye ba ya motsi. Washegari gas ya ƙare. Ɗan man janareto da ya rage aka ware shi don tantin magani da na'urorin sadarwa.

Ba a rasa abin sawa a baki ba. Akwai abincin leda irin na sojoji, sai dai an fara raba shi da tsantseni. Akwai busasshen burodi da waken gwangwani mai sanyi. A sito kuma ga buhunan shinkafa da na ɗanyen wake, ga albasa, ga mai, ga tumatirin gwangwani, duk suna kallonmu muna kallonsu. Mutane suna wuni suna haƙa a kan dutse cikin zafi, su dawo su ci abu mai sanyi daga leda. Layin yamma ya daina raha. Akwai wani shugaban ayari, Ruben, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda kullum yake taya mu ɗaukar jarkoki yana kiran Mma da Mama. Wata yamma ya zo wurin tulun kofi bisa sabo, ya murɗa famfon, babu komai. Ya tsaya yana kallon cikin kofinsa, sannan ya yi mana murmushi ya tafi. Mma ta bi shi da ido har ya shige tanti.

A taron safiyar da ta biyo, ina raba ruwa na ji ana sanarwa cewa jibi iska za ta tashi. Kafin nan dole a gama share layin da zai tare wuta a kan tudu, in ba haka ba za ta gangaro kan sansanin da ɗan ƙauyen da ke ƙasa. Gobe kowa zai hau, har da masu ciwon ƙafa. Na dubi fuskokinsu, na ga mutanen da cikinsu bai ga abu mai zafi ba tun ranar da hanya ta rufe.

Da hantsi na tafi kogi ɗebo ruwan wanke-wanke. Na ɗan daɗe, don akwai wani wuri da ruwan ke bi ta kan fararen duwatsu yana wata ƙara mai sanyi, nakan tsaya in saurara. Ina dawowa na hango wani siririn hayaƙi shuɗi yana tashi a bayan tirelar kicin. Ba irin na dajin ba ne. Wannan hayaƙin gida ne, na san ƙamshinsa tun ina goye. Na saki bokitan na ruga.

Mma ta jera duwatsu uku a kan ciyawa, ta ɗora babbar tukunyar Hal, ta haɗa ƙirare, ta durƙusa tana hurawa. Ta ɗaure ɗankwali ta baya irin na ranar biki. Tantunan kwana suna nan kusa da ita.

Dona ta riga ni isa. Ta zo da jan tulun kashe wuta ta feshe murhun, farin gari ya turnuƙe, ya bi zanen Mma har gwiwa. Ta tattake wurin da takalmi, ta sa aka kawo ruwa aka malala. Sannan ta juyo. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Muryarta ba ta tashi ba, ta ce motar farko da za ta fita idan hanya ta buɗe, da Mma za ta fita.

Na san in ta fita ni ma na fita. Mma kuwa mamaki ne ya cika ta. Ta miƙe tana kakkaɓe zane, ta nuna tudun da ke ci da muciyar hannunta.

"'Yar Kano, tambaye ta. Dutse guda yana ci tun da muka zo, ba su ji tsoro ba, sai ɗan murhuna? Ni da na dafa wa mutum ɗari biyar a tsakar gida, yara na wasa a gefe?"

Tana jin Turanci sarai, amma in ranta ya ɓaci sai ta mayar da ni tafinta. Na fassara a hankali, na rage kaifin. Dona ta sunkuya ta tsinko ciyawa cike da hannu, ta murza, ta zama gari. Ta kama hannun Mma ta zuba mata. Sannan ta nuna tantunan, ta ce akwai masu aikin dare suna barci a ciki yanzu haka, tartsatsi ɗaya ya isa. Ta ce ta taɓa ganin irin wannan ciyawa ta kama, mutum da gudu bai tsere mata ba.

Mma ta dubi garin ciyawar a tafin hannunta. A tsakar gidan zango ƙasa ce tsurarta, an share ta tun kakanni. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, astagfirullah. Ta zauna a kan buhun albasa, muciya a cinya.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ma sai malami ya kira sunana. Amma kwanakin da na yi ina raba ruwa a taron safiya ban toshe kunnena ba. Na ji yadda suke kankare ƙasa har sai sun kai inda babu saiwa ko ganye, wuta ta zo nan ta tsaya. Na ji yadda su da kansu suke cinna wa wani yanki wuta da gangan, su kewaye ta, su tsare ta har ta cinye abin da suke so ta mutu. Dona ta juya za ta tafi, na ji bakina ya buɗe.

"Ku ma ai kuna kunna wuta a daji ku yi gadinta," na ce. "Ku yi mana gadin wannan. Akwai tsakuwa a bakin kogi, babu ciyawa ko ɗaya. Ku kun iya wuta, ita ta iya tukunya. Gobe za su hau tudu da yunwa."

Ta tsaya ba ta juyo ba. Can ta ciro oba-oba, ta matsa gefe ta yi magana da shugaban sansani, maganar ta yi tsawo. Da ta dawo sai ta jero sharuɗɗa. A kan tsakuwar bakin kogi za a yi, nesa da komai. Motar ruwa za ta tsaya da tiyo a buɗe. Kuma iskar da ke gangarowa kwarin bayan faɗuwar rana ba za ta tarar da ko garwashi ɗaya da rai ba. In abinci bai nuna ba kafin lokacin, za ta kashe wutar ko da ɗanye ne. Maganar korar Mma kuma tana nan, ba ta janye ba.

Mma ta miƙe ta gyara ɗankwali. Ta ce in ɗauko mata jakarta.

Mutanen da aka bari a sansani ranar saboda ciwon ƙafa ko tari su suka fito. Suna ɗingishi suka kankare da'ira mai faɗi a kan tsakuwar, suka jiƙe kewayenta. Mma ta bi bakin kogi tana zaɓen duwatsu, Dona ta hana ta ɗaukar waɗanda suka kwana cikin ruwa, ta ce suna fashewa in sun ji wuta. Mma ta ce to yau ta ƙaru. Aka kafa murhu huɗu. Mai zarto ya yanko busasshen itace, Mma ta ce ya yi kauri, ya faskara, ta ce yanzu ya zama ɗan gida. Da za a kunna, sai Dona ta miƙa mata ashanar da hannunta.

Har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Ƙartin maza masu hular kwano, waɗanda aikinsu a duniya shi ne kashe wuta, sun kewaye wasu ƙananan wutace huɗu, ɗaya riƙe da tiyo, sauran da shebur, suna lallaɓa su kamar jarirai. In ɗaya ta yi sanyi har wani ya durƙusa ya hura. A bayansu tudu yana ci, a gabansu tukwane sun fara waƙa.

Wake ne ya tsaya mana a wuya. Tsohon wake ne, ya bushe kamar tsakuwar da muke kai. Mma ta jefa karan dafi, ruwan ya yi ja, ta fasa kanwa ta zuba, ta rufe. Na ce mata a Kano garau-garau muke ce wa wannan, fari muke yinsa da mai da yaji. Ta ce shi ya sa 'yan Kano ba su da ƙiba, su a zango wace suke ce masa, kuma wace sai da ja. Ni ina yankan albasa, buhu guda, hawaye da gumi sun haɗu. Zafin rana ta sama, zafin murhu ta gaba, ga ƙishirwa. Harshena ya manne da dasashi. Wani lokaci tsakuwar takan yi kamar tana yawo a idona, sai Dona ta zo ta sauya mini tawul, ta tambaye ni ko zan sha. In ce tukuna.

La'asar ta yi, wake bai nuna ba. Mma ta ɗebo ƙwaya ta matse da yatsa, ta ƙi fashewa. Dona tana duban agogo tana duban saman itatuwa. Wata 'yar iska ta fara kaɗa gefen mayafina. Tartsatsi ɗaya ya tashi ya tsallake da'irar, kafin ya sauka mai tiyo ya bi shi da ruwa. Mma ta ƙara kanwa kaɗan, ta janye itace daga ƙarƙashi ta tura garwashi gefe-gefe, bakinta yana motsi da salati. Da ta sake matsawa, ƙwayar ta narke a yatsanta. Ta ce a kawo shinkafa, maza.

Sai ga wata matsalar: mu biyu muna azumi, babu mai ɗanɗana gishiri. Mma takan gane da hanci, amma hayaƙin daji ya kashe mata hancin. Ta ɗebo miyar tumatir a ludayi, ta dubi mutanen da ke kewaye, ta miƙa wa Dona.

"Ke kika kashe ta farko. Ɗanɗana ta biyu."

Dona ta kurɓa, ta ce da sauran gishiri. Aka ƙara. Ta sake kurɓa ta gyaɗa kai. Sai Mma ta lakato shito a bakin cokali ta ba ta. Matar nan da ta shekara talatin tana shiga hayaƙi ta tsaya tana tari, hawaye na bin kumatunta, masu shebur suna ta dariya. Da ta samu numfashi ta ce a ajiye wannan a gefe, kuma a gargaɗi kowa kafin ya taɓa.

Ana sauke tukunya ta ƙarshe ayarin farko yana gangarowa daga tudu. Ƙamshin ne ya tarye su a hanya. Na ga suna ɗaga kai ɗaya bayan ɗaya, tafiyarsu tana sauyawa. Suka bi layi a kan tsakuwa, ni ina zuba wace, Mma tana zuba miya, tururi yana dukan fuskokinsu masu baƙin toka. Wani saurayi ya karɓi farantinsa ya tsaya kawai yana ɗumama hannu a jikinsa. Suka zazzauna a bakin kogi, ba ka jin komai sai ƙarar cokula da ruwa. Can wani ya yi dariya, wani ya amsa, hayaniyar da ta ɓace kwana da kwanaki ta dawo.

Ruben ya karɓi nasa ya zauna kusa da mu bai ci ba. Wani ya gaya masa tun asuba ba mu sa ko ruwa a baki ba. Mutanensa kaɗan suka ajiye cokula su ma. Mma ta hango su, ranta ya ɓaci, ta ce masa da Turancinta ita ba ta wuni a bakin wuta don abinci ya huce a hannunsa ba, ya ci. Ya ce Mama, saura kaɗan ai. Suna cikin wannan ja-in-ja oba-oba ta yi ƙara a kafaɗar Dona. Ta saurara, ta juyo ta ɗaga mana babban yatsa.

Ruwan da na sha a lokacin, a kofin roba, da ɗan ɗanɗanon toka, ban sake shan irinsa ba. Na ji shi yana sauka har yatsun ƙafata.

Ba mu gama cin namu ba Dona ta ce lokacin kashe wuta ya yi. Mma ta tashi da sauri ta fara tara garwashi wuri ɗaya tana rufe shi da toka, yadda ake yi a gida don a tarar da shi da rai lokacin sahur. Dona ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu. Suka dubi juna. Mma ce ta fara dariya, ta ce to, to, ta ji. Aka malala ruwa, aka cakuɗa da shebur, aka sake malalawa. Sannan Dona ta cire safar hannu, ta durƙusa ta bi tokar da bayan hannunta, wuri bayan wuri, tana neman ɗumi. Ta ce haka suke yi a daji, ido yana ruɗin mutum, fata ba ta ruɗi. Mma ta naɗe hannun riga ta durƙusa kusa da ita. Kan furfura biyu, ɗaya da hular kwano ɗaya da ɗankwali, suna lalube cikin caɓi har suka tabbatar babu sauran rai. Iskar yamma ta gangaro ta tarar da wuri sanyi ƙalau.

Da safe suka hau tudu da ragowar wace a ƙunshinsu. Iskar da aka yi hasashe ta zo a ranarta, ta wuni tana kaɗa tantuna, mu muna ƙasa muna kallon tudu da addu'a a baki. Wuta ta zo bakin layin da suka share, ta tsaya. Bayan kwana kaɗan aka yi ruwa, ɗan yayyafi ne, amma duk sansanin ya fito ya tsaya a cikinsa. A ranar na ga saman da na zo gani, shuɗiya, faɗinta ya fi ƙarfin idona.

Da hanya ta buɗe, motar farko ta shigo da Hal da gas. Ya ɗaga tukwanensa ya ga gindinsu baƙi ƙirin, ya yi ta ƙorafi, sannan ya roƙi Mma ta nuna masa dutsen nan da ake ci. Motar ta juya za ta fita, Mma ta ɗauko jakarta ta tsaya a gaban Dona, don ita ba ta son a ce an yi mata alfarma a ɓoye. Dona ta dubi jakar, ta ce ita ba ta ga wanda zai ɗauki wannan kaya mai nauyi zuwa mota ba, a mayar tanti. A can muka yi Sallah.

Jiya, bayan na gama kallon jar ranar nan, ban hau gidanmu kai tsaye ba, na tsaya a hawan Mma. Tun daga matakala nake jin ƙararrawar hayaƙinta tana tsala ihu. Na tarar da ita tana soya albasa, tana kaɗa wa ƙararrawar tawul tana ce mata uwar surutu. Leda da roba kuwa tun ranar da muka dawo ta cire su, ta bi gidajen benen nan ɗaya bayan ɗaya ta sa kowa ya cire tasa. Na ce mata ta leƙa taga ta ga rana. Ta leƙa, ta daɗe, ta ce Allah ya sa waɗanda ke kan dutse yau sun ci abu mai zafi.

Aka kira magariba a wayarta. Ta kashe gas, ta sauke kasko, ta nufi ƙofa don yin alwala. Sai ta dawo, ta bi kawunan murhun da bayan hannunta, ɗaya bayan ɗaya.